Gidan kiɗa ya buɗe a bayan katangarmu, wata biyar ba barci. Ina ake kai kuka?

Maman Sadiq:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, wanda ya san hanya don Allah ya nuna mini.

A Barnawa muke, nan Kaduna, gidan haya, shekararmu tara a ciki. Gidan da ke bayanmu da can na wani dattijo ne da iyalinsa. Da ya rasu magada suka sayar. Wanda ya saya ya rushe ɗakunan baya, ya shafe tsakar gida da siminti, ya kafa rumfar kwano, ya jera kujerun roba. Da farko gasasshen kifi da abin sha ake sayarwa, ba mu ce uffan ba, kowa da hanyar abincinsa. Bayan ƙaramar salla sai ga makaɗa: mai ganga, masu jita biyu, mai piyano, da mawaƙa. Juma'a, Asabar, Lahadi. Tun la'asar suke gwajin kaya, wajen tara na dare a fara gadan-gadan, kuma ban taɓa jin sun tashi kafin biyu da rabi ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin dandalinsu da ɗakin surukata. Na auna da ƙafata, taku shida ne daga katangar zuwa tagarta. Tsohuwa ce, ga hawan jini. Kuma ba waƙar ce ta fi damunmu ba, wannan dum-dum ɗin ne da mutum yake ji har cikin ƙirjinsa. Kwanukan da ke jere a kan kabad ɗinta rawa suke yi, murfin samira yana ƙara shi kaɗai. Asabar ɗin da ta wuce na leƙa ta wajen ɗaya na dare, na same ta zaune a bakin gado, ta cusa auduga a kunne, ta ɗaure kai tamau da ɗankwali, tana jan carbi. Ta ce, "Je ki kwanta 'yar nan, ni na saba." Wallahi ba ta saba ba. Da safe da na gwada jininta sai da gabana ya faɗi.

Sadiq kuma bana zai zana WAEC. Malaminsa ya kira ni ya ce duk Litinin gyangyaɗi yake a aji.

Maigida ya je sau biyu. Manajan ya karɓe shi da mutunci, ya ce suna da takarda, ya ce za a rage. An rage na minti goma. Ya kai maganar ofishin 'yan sanda, suka zo da mota, daren nan aka yi tsit, washegari aka ɗora daga inda aka tsaya.

Ni ba so nake a rufe musu wuri ba. Yaran layinmu uku can suke aiki, ɗaya ma maraya ne. Barci kawai muke nema. Akwai dokar da ta yi magana a kan wannan? Wace hukuma ce ke da hurumi? Don Allah kada a ce mu tashi, kowa ya san kuɗin haya yanzu.

Baristan Kawo:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara wa Mama lafiya.

Doka akwai. Hukumar NESREA, ta gwamnatin tarayya mai kula da dokokin muhalli, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin taƙaita ƙara da aka fitar a 2009. A cikinsu an raba yini biyu: rana daga shida na safe zuwa goma na dare, dare daga goma zuwa shida na safe. Unguwar da gidajen zama suka cakuɗu da 'yan shaguna da wuraren shaƙatawa, iyakarta desibel 55 da rana, 45 da dare (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara). Don ki gane ƙanƙantar 45, hirar mutum biyu a falo tana kai wajen 60. Ke nan kiɗan da ke kaɗa murfin kwano da ƙarfe ɗaya na dare ya tsallake iyaka nesa ba kusa ba.

"Muna da takarda" ɗin nan, a tambaye shi takardar mece ce. Rajistar kasuwanci daban, lasisin sayar da abin sha daban, izinin mayar da gidan zama wurin kasuwanci daban, kuma babu ɗaya a cikinsu da ta ba mutum damar hana maƙwabci barci. Maganar sauya amfanin gida ta KASUPDA ce, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna. Maganar ƙara da muhalli ta KEPA ce, hukumar kare muhalli a matakin jiha. 'Yan sanda za su iya kashe wutar dare ɗaya, amma ba su yawo da na'urar auna ƙara, shi ya sa kika ga abin da kika gani.

Abin da nake so ki fara daga daren Juma'ar nan: ki samu littafi, ki riƙa rubuta rana, lokacin da suka fara, lokacin da suka tashi. Ki sauke manhajar auna ƙara a waya, ki auna a tagar Mama da ƙarfe goma sha ɗaya, da ɗaya, da biyu, ki ɗauki bidiyon fuskar wayar da wata wayar. Awon waya ba daidai yake da na ƙwararru ba, amma yana sa jami'i ya tashi daga kujera ya zo da nasa. Ki haɗa da katin asibitin Mama. Sannan ku rubuta takardar koke, gidaje da yawa su sa hannu, kada ya zama ku kaɗai. In an kai, a buga muku hatimi a kan kwafinku.

Kotu tana nan, ana iya neman ta ba da umarnin dakatarwa saboda cutar da maƙwabci. Sai dai ni da nake cin abinci da ita nake gaya miki, ki bar ta a ƙarshe. Kafin a gama ɗage zama Sadiq ya gama jarrabawa.

Mai Jita:

Anti, sannu da haƙuri. Na karanta sau biyu kafin na iya rubutu, don ni irin mutanen da ke bayan katangar nan ne. Shekara goma sha ɗaya ina kaɗa jita a irin waɗannan wurare, daga Sabon Tasha har Jos. Da shi na yi aure, da shi nake biyan kuɗin makarantar 'ya'yana biyu. Maganar Mama ta taɓa ni, mahaifiyata ma haka take.

Bari in gaya miki yadda ƙarar ke hawa, don ba mugunta ba ce kullum. Ƙarfe tara muna farawa daidai. Wuri ya cika, surutun mutane ya tashi, ga janareta yana ruri a gefe. Mawaƙi ya daina jin muryarsa, ya yi wa mai injin alama da yatsa a ƙara masa. Mai ganga ya ji an danne shi, ya ƙara ƙarfin hannu. Ni ma in murɗa tawa. Kafin sha biyu kowa ya ƙara sau uku, kuma kunnenmu ya riga ya dushe, ba ma jin mun yi yawa. Wani mai wurin ma da kansa yake cewa a buɗe, don na kan titi ya ji ya shigo. Ni yanzu in na kwanta kunnena na hagu wani siririn kuka yake yi, ba ya tsayawa.

Dum-dum ɗin da kike ji daga manyan akwatunan nan ne da ake ajiyewa a ƙasa, mu muna ce musu sob. Siririn sauti katanga tana tare shi, amma mai kauri ratsa bulo yake, ya bi siminti ya shiga ɗaki. Shi ya sa auduga ba ta yi wa Mama amfani. In na canka daidai, sun jingina dandalin da katangarku ne don su samu filin kujeru, akwatunan suna manne da bango, rumfar kwanon kuma tana mayar da sautin ƙasa.

In kun zauna da su, kada ku ce "a rage" kawai, wannan kalmar minti goma take yi. Ku nemi abin da ido zai gani. A ɗauke dandalin daga jikin katangarku a kai shi ɗaya ɓangaren, lasifikoki su kalli titi. A fili, duk lokacin da ka ninka nisa ƙara tana sauka da kusan desibel shida, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ɗaga akwatunan daga siminti, a sa musu roba mai kauri a ƙasa, in biyu ne a kashe ɗaya bayan sha ɗaya. Akwai wata na'ura, limita, da ake haɗawa da injin, a kafa mata iyaka a kulle, ko wa ya murɗa ba za ta wuce ba. In suka ce za su manna kwalin ƙwai ko soso a bango, kada ku yarda an gama, wannan amsa-kuwwar ciki kawai yake ragewa. Abin da ke tare sauti nauyi ne: bulo cikakke, da rufi wanda ba shi da kafa.

Roƙona ɗaya, Anti, ku gwada zama kafin takardar hukuma. An taɓa garƙame wani wuri da nake aiki, mu takwas muka yi wata huɗu a gida, mai wurin kuwa yana da wasu harkokin, ko a jikinsa.

Hauwa daga Ingila:

Anti, nan ma ana wannan rigima, sai dai sau da yawa a juye take: gidan kiɗa ya shekara talatin a wuri, a zo a gina benen haya kusa da shi, sababbin mazauna su kai ƙara. Saboda haka a 2018 aka shigar da wata ƙa'ida cikin tsarin gine-ginen Ingila, cewa wanda ya kawo sauyi a unguwa shi zai ɗauki nauyin toshe ƙara. Jihar Biktoriya ta Ostareliya ta riga su tun 2014. Ba dokar Najeriya ba ce, amma hujja ce da kowane mai hankali zai karɓa a zaman sulhu. Ku kuka riga su zuwa da shekara takwas da wani abu. Kuɗin gyara nasu ne.

Baba Alhaji na Tudun Wada:

'Yata, Allah ya ba ki lada a kan kula da tsohuwar nan. Haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci zai sa shi cikin magada.

Amma ina jan kunnenku a kan abu guda. Kada ku bari wani ya mayar da wannan maganar ta addini ko ta ƙabila. Kaduna ce, kun san abin da nake nufi. Ku je da maƙwabtanku Kirista da Musulmi tare, don ƙarar ba ta tambayi kowa inda yake ibada ba kafin ta shiga ɗakinsa. Mu ma mu dubi kanmu. Bikin jikata da aka yi bara, sai da na fito da kaina ƙarfe ɗaya na sa mai kiɗan ya kashe, ga mai jego a gidan da ke kallonmu. A Legas a 2016 gwamnati ta rufe coci 70 da masallatai 20 da otal da wuraren rawa wajen goma, duk saboda ƙara. Ba ta ware kowa ba.

Ku fara da mai unguwa. Kuma a kira mai wurin da kansa, manaja yaron gida ne, ba ya iya sa a tayar da dandali.

Maman Sadiq:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru mako uku ne don in dawo da labari.

Barista, na yi littafin. Dare shida na auna a tagar Mama, wayata tana nuna tsakanin 68 da 74. Gida goma sha ɗaya suka sa hannu. Ashe matar fasto da ke ƙarshen layi jaririnta take goyawa tana zagaya tsakar gida har biyu na dare, ban sani ba sai da na shiga da takarda. Baba, ita da mijinta suka raka maigida wajen mai unguwa.

An zauna ranar Laraba a zauren mai unguwa. Mai wurin ya zo, da farko da zafinsa, yana lissafa kuɗin da ya zuba da mutanen da yake ciyarwa. Maigida bai yi musu da shi ba, ya ce ya zo ya shiga ɗakin Mama daren Juma'a ya zauna minti biyar. Ya zo kuwa, wajen sha biyu. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin, murfin samirar nan yana ta ƙara, Mama ta gaishe shi ta ce a kawo masa ruwa. Bai sha ba, ya fita.

An rubuta yarjejeniya, kowa ya sa hannu, mai unguwa ya riƙe kwafi. Makaɗa su tashi sha biyu Juma'a da Asabar, goma ranar Lahadi. An mayar da dandalin ɓangaren titi. Mai Jita, yadda ka faɗa haka muka tarar, akwatuna biyu manne da katangarmu. Yanzu wayar tana nuna 52 zuwa 55. Bai kai abin da Barista ya ce ba, amma kwanuka sun daina rawa, kuma Asabar ɗin nan sai da na tashe Mama sallar asuba.

Takardar KEPA tana nan a jakata, ban kai ba, ban kuma yaga ba. Lahadin da ta wuce sun kai sha ɗaya saura, na rubuta a littafi.

Saura limitar. Mai wurin ya ce bai san inda ake samu ba, kuma yana tsoron kada ta ɓata masa sauti. Mai Jita, don Allah ana samunta a nan Kaduna ko sai an aika Legas? Kuma in an kafa, wa ya kamata ya riƙe makullin, shi ko mai unguwa?