Ma'aunin h zai iya yi wa likita da mai ƙididdiga adalci a mudu ɗaya?

Likitan Yara: Assalamu alaikum. Ni a ganina, wajen ƙarin girma a daina ƙirga yawan maƙalu, a koma ma'aunin h kawai, wato lambar da ke haɗa yawan maƙalun mutum da yawan ambaton da wasu masu bincike suka yi musu a rubuce-rubucensu, ko mutum a sashen ƙididdiga yake a Jami'ar Bayero ko a asibitin Malam Aminu Kano. Jorge Hirsch ne ya kawo shi a 2005, lissafinsa kuma ba wuya. Ka jera maƙalunka daga wadda aka fi ambata zuwa ƙasa, a ce 40, 22, 15, 9, 6, 5, 2. Ana so ambaton kowace maƙala ya kai lambar matsayinta a jerin. Ta biyar tana da 6, ta cika. Ta shida tana da 5, ba ta kai 6 ba. To h ɗinka 5 ke nan. Babu sanayya, babu wa-ka-sani.

Malamin Ƙididdiga: Wa alaikumus salam. Likita, shi kansa Hirsch ya faɗa a wannan maƙalar cewa masu kimiyyar halittu sun fi masu fiziks yawan h. Ba don sun fi su ƙwaƙwalwa ba. Masu bincike a likitanci sun fi yawa, jerin manazartarsu ya fi tsawo, kuma suna wallafawa da sauri. A namu ɓangaren maƙala kan shekara guda a hannun masu tantancewa, kafin wani ya gina a kanta wasu shekarun sun shuɗe. Duba ma'aunin tasirin mujalla: ambaton bana ga maƙalun shekaru biyu da suka wuce kaɗai yake ƙirgawa. Mujallar likitanci ta Lancet ta haura 200 a alƙaluman 2021, lokacin korona. Annals of Statistics, wadda duk mai ƙididdiga ke burin shiga, ba ta kai 10 ba.

Likitan Yara: Malam, ai ba a rage ku da komai ba. Da mujallar kimiyya ta Nature ta fitar da maƙalu 100 da aka fi ambata a 2014, akwai ta Kaplan da Meier ta 1958, da ta Cox ta 1972, da ta Bland da Altman ta 1986. Duk ƙididdiga ce.

Malamin Ƙididdiga: Su wa suka ambace su? Ku likitoci. Duk ukun kayan aikin asibiti ne. Wanda ya tabbatar da ƙa'idar da ke ƙarƙashinsu, 'yan fanninsa ƙalilan ne za su karanta shi. Sannan maƙala ko an ambace ta sau dubu talatin, ɗaya tak take ƙara wa h. Wata hanyar ma in ta shahara sai a daina ambatonta gaba ɗaya. Wa yake rubuta sunan Gosset da 1908 in ya yi gwajin t, wato gwajin ƙididdigar da Gosset ya ƙirƙiro? Sai dai a ce an yi amfani da manhajar ƙididdiga ta SPSS.

Hajiya ta Laburare: Ku tsaya, kafin a kai ga nan, h ɗin wane rumbun ƙirga ambato ake nufi? Google Scholar yana kwasar kundin digiri da takardun taro, wani lokaci maƙala ɗaya ta fito sau biyu, shi ya sa lambarsa kan fi ta Scopus da Web of Science. Scopus kuma bai ɗauki da yawa daga mujallunmu da ke AJOL, rumbun mujallun Afirka, ba. Babbar matsalar Kano ita ce suna. Mutum ɗaya ya rubuta Muhammad a wannan maƙala, Mohammed a waccan, a ta uku ya sa sunan garinsu a ƙarshe, sai Scopus ya raba shi gida uku. Ko kuma a haɗa masu suna iri ɗaya su biyu a shafi guda, likitan ƙashi ya gaji maƙalun masanin ƙasa. Gyaran shi ne a buɗe ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, a tsaya kan rubutun suna ɗaya, a nemi Scopus ya haɗe shafukan, a bi jerin ɗaya bayan ɗaya a cire abin da ba na mutum ba. Kuma a rubuta ranar da aka ciro lambar, don tana canzawa.

Ɗalibin Digiri na Uku: Allah ya gafarta malamai, sabon shiga fa? h ba ya raguwa, kuma mai maƙala shida ba zai wuce 6 ba.

Malamin Ƙididdiga: A raba h da shekarun da aka yi tun maƙalar farko. Mai 12 a shekara 8 ya samu 1.5, mai 20 a shekara 25 ya samu 0.8.

Farfesa: Wanda ya fi wahalar aunawa shi ne mai ƙididdigar lafiya, mai ƙafa ɗaya nan ɗaya can. A ce gwajin maganin sikila ne, marubuta 30. Shi ya lissafa yawan yaran da za a ɗauka, ya tsara yadda za a raba su da ƙuri'a, ya yi nazarin sakamako, sai ka tarar da sunansa na bakwai, domin a likitanci na farko da na ƙarshe ake kallo. Wani kuma ya aika da bayanan asibitinsa kawai ga babban binciken duniya mai ɗaruruwan marubuta, h ya ba shi cikakken lada. In an raba ambato da yawan marubuta an yi maganin na biyun, amma an zalunci na farkon. Don haka a duba bayanin gudummawa na CRediT, mai rukuni 14, a ga wa ya yi me.
Batun bambancin fanni kuwa akwai awo biyu. FWCI na Scopus yana kwatanta ambaton maƙala da na takwarorinta a fanni da shekara da nau'i, 1.0 matsakaicin duniya ne, 1.5 ya ɗara shi da rabi. RCR na hukumar NIH ta Amurka yana gano fannin ne daga maƙalun da ake ambata tare da ita, sai dai abin da ke PubMed, rumbun maƙalun lafiya, kaɗai yake gani, ƙididdiga tsantsa ba ta ciki. Kuma kada a ɗauki matsakaicin FWCI na mutum mai maƙala goma, guda ɗaya za ta ja shi sama. A jera su, a duba na tsakiya.

Likitan Yara: Ranka ya daɗe, wane kwamiti ne zai zauna ya yi duk wannan? Ƙarshenta za a koma "a karanta a gani", sanayyar da nake gudu ta dawo.

Farfesa: Karatun ba makawa, shi sanarwar DORA ta 2012 da ta Leiden ta 2015, masu magana kan yadda za a auna aikin bincike, suka tsaya a kai. Mai nema ya zaɓi maƙala biyar, ya rubuta abin da ya yi a kowace, a tura wa masu tantancewa na waje, ɗaya daga ƙididdiga, ɗaya daga likitanci. Lambobin su bi a matsayin shaida, bayan an cire ambaton kai.

Likitan Yara: Ambaton kai ana iya cirewa. Na abokai masu yi-min-in-yi-maka fa?

Hajiya ta Laburare: Wannan sai da ido, Likita. Ka buɗe jerin waɗanda suka ambaci maƙalar, ka tsara shi bisa marubuci da mujalla. In rabin ambaton daga mutum uku ne a mujalla ɗaya, a mayar wa kwamiti da takardar.