Abin da aka tattauna kan zanen mata tsirara a Turai ta da

Jama'a maganar ta yi tsawo, bari in haɗa abin da aka faɗa a taƙaice.

1. Kusan kowa ya yarda a fara sanin tatsuniyar Girka ko Rum da aka zana kafin a kalli zanen. Yawancin masu zanen Italiya daga waƙoƙin Ovid, marubucin waƙoƙi na tsohuwar Rum, suka ɗauko labaran, in ba ka san labarin Dafni ba, mutum-mutuminta da masassaƙi Bernini ya gama a 1625 a Roma zai zame maka mace ce kawai da ganye a yatsunta, alhali gudu take daga Afolo, ɗaya daga cikin allolin Girka, har ta rikiɗe ta koma bishiya.

2. A riƙa tambaya wa ya biya kuɗin aikin. Mai zane Titian ya zana wa Sarki Filib na 2 na Sifen hotunan Danaye da Yuropa, mata biyu na tatsuniyar Girka, kuma da yawa sun ce sunan allolin Girka da Rum ne ya ba manya damar rataye tsiraicin mace a ɗakunansu ba tare da kunya ba.

3. A nan aka rabu. Wasu na ganin hoton Benus, allahiyar soyayya ta Rum, da Botticelli ya zana, wanda ke birnin Fulorans, kyau ne zalla, wasu suka ce labaran da yawa na fyaɗe da sace mata ne aka yi wa ado, ni dai gaskiya wannan ɓangaren ya fi taɓa ni.

4. An ba da shawarar a duba aikin Artemisia Gentileschi, mace ce ita mai zane 'yar Italiya, don a kwatanta yadda take zana mata da yadda maza suka yi.