Ina miji da mata za su huta a bakin teku ba hayaniya?

Ranar Asabar a Unguwar Rimi muka tattauna wannan, domin ƙanwata da angonta suna son hutu mai natsuwa.

Yawancin waɗanda suka yi magana Zanzibar suka zaɓa, ta ƙasar Tanzaniya. Mutanen tsibirin galibi Musulmi ne, don haka abincin halal da masallaci ba sa wuya. Amma wata yayarmu da ta taɓa zuwa ta ja kunne: garin Nungwi da ke arewacin tsibirin akwai cunkoso da kiɗan dare, gara ƙauyukan Matemwe ko Jambiani da ke gaɓar gabas. Sai dai a wannan gaɓa ta gabas ruwa kan janye nesa na sa'o'i, mai son iyo ya nemi masauki mai wurin wanka. Duk da haka, ni ma da gaɓar gabas ɗin hankalina ya fi kwanciya.

Ku guji Afrilu da Mayu, lokacin ruwan sama mai yawa ne. Yuni zuwa Oktoba ya fi. Ku nemi biza da wuri, ku riƙe katin rigakafin cutar shawara.

Wani kawu ya ce in kuɗi bai kai ba, Ibeju-Lekki a Legas ma ta isa, amma a je tsakiyar mako.