Shin Gaske Ne Matuƙan Tuskegee Ba Su Taɓa Rasa Jirgin Da Suke Yi Wa Rakiya Ba?

Ɗan Zariya: Jama'a, ku dubi rundunar jiragen yaƙi ta 99, baƙaƙen fatar Amurka da aka horar a Tuskegee lokacin yaƙin Hitila. Duk wariyar da aka nuna musu, ko jirgi ɗaya mai jefa bam ba a taɓa harbowa ba alhali suna yi masa rakiya. Ko ɗaya!

Malamin Tarihi: Ƙanena, jarumtarsu ba mai musu, amma wannan magana ba ta tabbata ba. Masanin tarihin sojan saman Amurka, Daniel Haulman, ya bi rahotannin fita yaƙi ɗaya bayan ɗaya, ya samu jirage 27 da jiragen abokan gaba suka kakkaɓo a hannun rakiyarsu, a fita bakwai daga cikin 179.

Ɗan Zariya: To Malam, ai su ɗin ne dai ke rubuta rahoton. Waɗanda suka ce baƙar fata ba zai iya tuƙa jirgi ba, su za mu yarda da lissafinsu?

Tsohon Soja: Yaro yana da hujja ta wani ɓangare. A 1943, bayan runduna ta 99 ta sauka arewacin Afirka da jiragen P-40, Kanar William Momyer ya kai ƙararsu sama cewa ba su da zafin nama a fagen fama. Sai da kwamandansu Benjamin O. Davis Jr. ya tsaya a Washington ya kare su. A Janairun 1944 kuma, a Anzio ta Italiya, suka harbo jiragen Jamus fiye da goma cikin kwana biyu, bakin masu suka ya mutu. Hassada kam an yi musu.

Malamin Tarihi: Baba, an yi, ba na ja. Sai dai cikin takardun da Haulman ya duba har da rahotannin da ita kanta babbar rundunarsu ta 332 ta rubuta. Kuma ga wani abin mamaki: ranar 24 ga Maris 1945 jaridar Chicago Defender ta buga cewa sun yi fita 200 ba asara. A wannan ranar ce suka raka jirage zuwa Berlin, aka harbo wasu daga cikin waɗanda suke rakawa, su ma suka kayar da jiragen Jamus samfurin Me 262 guda uku, masu injin jet.

Hajiyar Kano: Ni dai Malam, me za ka ƙaru da shi in ka rage musu daraja? Mutane sun sha wuya, a bar musu abin alfaharinsu mana.

Malamin Tarihi: Hajiya, 27 ɗin nan ba ragi ba ne. Sauran rundunonin rakiya da ke aiki tare da su daga Italiya, kowace ta rasa kimanin 46 in an raba daidai. Dalili kuwa sananne ne, Davis ya hana yaransa barin jiragen da suke tsaro su bi abokin gaba don neman suna. Wanda ya ce "ko ɗaya", ranar da aka nuna masa takarda shi ke nan an kayar da shi. Ni da na ce 27 a kan 46, wa zai kayar da ni?

Tsohon Soja: Wanda bai taɓa yin soja ba ne ke zaton ana yaƙi ba asara. Ranar 18 ga Yulin 1944 kaɗai, a Memmingen ta Jamus, jirage 15 aka rasa.

Ɗan Zariya: Tsaya Malam. Ni runduna ta 99 na ambata, kai kuma lissafin 332 kake kawowa. Ita 99 sai a Yulin 1944 ta haɗu da sauran ƙananan rundunoni uku na 332 a Ramitelli ta Italiya. Asarar watan Yuni ba da ita aka yi ba.

Malamin Tarihi: Wannan ka ci, cire na Yuni. To na Memmingen da na Berlin fa, wa za ka ɗora wa?