Me ya sa ake fara buga gasar WAFU?

Tambaya daga Ƙofar Soro, Katsina:
Assalamu alaikum. Ɗana yana zuwa atisaye kullum bayan la'asar kusa da filin wasa na Muhammadu Dikko, kuma jiya ya tambaye ni dalilin da ya sa Golden Eaglets, wato tawagar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara 17, suke buga gasar WAFU, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Yammacin Afirka, kafin gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 17. Ina neman ƙarin haske.

Amsa daga Daura:
Wa alaikumus salam, Malam. Gasar share fage ce, domin daga cikinta ake fitar da wakilan shiyya da za su je gasar Afirka. Najeriya tana shiyyar B tare da Nijar, Benin, Togo, Gana, Burkina Faso da Kwaddibuwa. A 2022 yaranmu suka ci kofin a Gana bayan sun doke Burkina Faso, abin da ya faranta mini rai matuƙa.

Amsa daga Ƙofar Ƙaura:
Alhaji, ka adana takardar haihuwarsa ta gaskiya, domin kafin gasar ana ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannun kowane yaro da na'urar MRI, kuma wanda ƙashinsa ya gama haɗewa cire yaron ake yi daga gasar, don ana ɗauka ya wuce shekarun da aka ƙayyade. Allah ya ba shi sa'a.