Malamin da ke duba bincikena yana nuna min wariya, ina zan kai ƙara?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina digiri na uku a ƙasar waje, kuma malamin da ke duba aikina ya sa ni gaba. A gaban ɗalibai yake kwaikwayon yadda nake magana, aikina kuma sai ya kwana biyu a hannunsa bai duba ba, alhali na sauran ba ya jinkiri.

Na je ofishin ɗalibai baƙi, suka tura ni wurin shugaban sashe, wanda amininsa ne. Tsorona bizata da tallafin karatuna, duk sun rataya a kan rahoton da yake rubutawa.

Wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah: in rubuta ƙorafi a hukumance, ko in fara neman a canja min malami? Wace shaida suke karɓa?