Dan Allah ku ba ni shawara, yarona ya haddace ƙirga amma bai gane ta ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, ya sanyi? Ni a Anguwan Rogo nake a Jos, yarona shekara 3 da wata 4, ƙanwarsa wata 8. Ba mu sa shi makaranta ba tukuna. Abin da ke damuna shi ne yana ƙirga wan tu tiri har 20 da bakinsa, ABCD ma ya haddace tsaf, duk a waya ya koya, amma jiya ina girki na ce miƙo min cokali uku sai ya kinkimo kwandon gaba ɗaya, na nuna masa B a jikin gwangwanin madara ya ce min 8 ne. Ɗan maƙociyata sa'ansa har sunansa yake rubutawa, kullum sai ta nuna min littafinsa. Babansa ya ce a nemo mai lesin, ni kuma in na zaunar da shi da fensir minti biyu sai kuka, rannan har na make masa hannu, wlh abin ya tsaya min a rai har dare. Ya zan yi? Ita jaririyar ma akwai abin da ya kamata in fara mata?

Malamar nazare, Rikkos: Wa alaikumussalam. Maman yara kwantar da hankalinki, ɗanki lafiyarsa lau. Wannan 1 zuwa 20 ɗin waƙa ce ya riƙe, ƙirga kuwa sai ya taɓa abu ɗaya ya faɗi lamba ɗaya, kuma ya gane lambar da ya tsaya a kanta ita ce yawan kayan. Ki dawo da shi 1 zuwa 3 kawai, in ya zauna ki ƙara zuwa 5. In kin dawo daga kasuwar Farin Gada ki juye dankali a tire ki ce ɗauko ɗaya na Baba, ɗaya nawa, ɗaya naka, to nawa ke nan? Ki bari ya taɓa da hannunsa, kar ki yi saurin faɗa masa. B da 8 kuma ai kama suke, yaron ma ya lura da siffa ne, ki yaba masa sannan ki gyara. Fensir ki ajiye tukuna, yatsunsa ba su yi ƙwari ba. Zuba masa garin masara a faranti ya ja layi da da'ira da yatsa, ko ki ba shi gawayi ya yi ta zane a tsakar gida. Firamare fa sai shekara 6, ina kike sauri?

Hajiya, Gangare: 'Yata ki daina duka a kan karatu, in ya haɗa littafi da kuka kin ɓata aiki. Jikokina da tatsuniya nake kama su bayan isha'i, in na ce gatanan gatananku su amsa, in na kai tsakiya in tsaya in ce to me Gizo zai yi yanzu? Ki ji yadda baki ke buɗewa. Kuma ki yi masa da Hausa, yaren da yake ji, Turanci zai same shi a makaranta.

Maman 'yan biyu, Bukuru: Ni dai gaskiya na sa wa nawa lesin tun suna 3, saboda wasu makarantun sai sun gwada yaro kafin su ɗauka, kuma ba kowace uwa ke da lokacin zama ba, ni ina fita aiki tun 7.

Malamar nazare, Rikkos: Haka ne 'yar uwa, uzurinki a fili yake. Amma abin da na faɗa ba ya son zama na musamman, wajen wanka ne da girki da ninke kaya, haɗa min safa da 'yar uwarta, wane kofi ya fi girma. In za a ɗauki mai lesin to a samu mai wasa da yaro, ba mai cika masa shafi da A A A ba.

Nas, Bauchi Road: Bari in taɓo maganar jaririya tunda an manta da ita. Karatunta yanzu hira ce. In ta ce ba-ba-ba ki kalle ta ki amsa, ki yi shiru ta sake, in kina mata wanka ki riƙa kiran sunan komai, ga ƙafa, ga ruwa, ga soso. Littafi mai hotuna mai kaurin takarda ki ɗora ta a cinya ku duba tare, ko ta kai baki ba komai. Batun waya, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara 1 kar a ba shi kallo sam, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa 1 a rana, in bai kai ba ma ya fi. Sannan dan Allah kar a yi ƙirga da wake ko gyaɗa ko marfin kwalba a inda take rarrafe, haɗiyewa za ta yi ta shaƙe, shi ma yayan yana iya cusawa a hanci, muna ganinsu a asibiti. In kuma kin lura ba ta waiwayo in an kira ta ko an yi ƙara, ki kai a duba kunne.

Abban yara, Nasarawa: A gaya wa maigida shi ma da nasa aikin. Ni in mun hau keke da ɗana harafin farko na sunansa muke nema a jikin alluna da shaguna, wanda ya riga gani ya ci. Harafi ɗaya muka yi sati biyu a kai.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Hajiya na ji kuma na daina in sha Allahu. Yau da yamma na gwada da dankali, ya ba ni biyu daidai, da na ce uku sai ya tsaya yana kallon fuskata, na yi shiru kamar yadda Malama ta ce, can ya ƙaro ɗaya a hankali ya ajiye. Babansa ya yarda a dakata da lesin zuwa bayan sallah. Wayar ce dai har yanzu ban san yadda zan raba shi da ita lokacin cin abinci ba, in babu katun ba ya buɗe baki, wa ta taɓa fama da wannan?